IN INJI YA TSAYA, ASARAR TA WA CE?

Yau kuma ga ni da wata magana wadda na san wasu za su ce ina ruwan marubuciyar labaran soyayya da ita, wato maganar masana'antu da ribarsu da asararsu a lokacin annoba. To amsata gajera ce. Duk matar da ta taɓa ɗora tukunya tana jiran maigida ya dawo daga kamfani da kuɗin cefane tana da ruwa da tsaki a wannan batu, ko da kuwa ba ta taɓa leƙa ofishin akanta ba. Tambayar da nake so mu tauna tare ita ce, idan annoba ta zo ta tsayar da inji, ba laifin mai kamfani, ba laifin lebura, wa ya kamata ya ɗauki asarar? Sannan wanda annobar ta zame masa gaba ta kai ni, ribar nan tasa wankakkiya ce ko kuwa da sauran magana?

Bari mu ɗan tuna yadda abin ya faro, don ɗan Adam mai mantuwa ne. A ƙarshen shekarar 2019 aka fara jin labarin cutar korona a birnin Wuhan na ƙasar Sin, mu nan muna ganin abin can nesa ne. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Legas, wani Ba'italiye, wanda shi ma aikin wani kamfanin siminti ne a Jihar Ogun ya kawo shi ƙasar. Shugaba Buhari ya ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris. Mu a Kano ranar 11 ga Afrilu aka samu na farko, daren 16 ga wata gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, azumi ya kama ranar 24, ranar 27 kuma Shugaban Ƙasa ya ƙara tsaurara dokar. Ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai farkon watan Yuli. Kuma kada wani ya ce kullen nan na banza ne, domin duk wanda ke Kano a lokacin ya ga yadda ake ta kai dattawa maƙabarta. Ministan lafiya na wancan lokaci, Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa mutum 979 aka lissafa sun rasu a 'yan makonnin nan, kuma rabinsu ko fiye ana zaton cutar ce sanadi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

To ni a ɗan guntun fahimtata, masana'anta tukunya ce a kan murhu mai duwatsu uku. Dutse na farko kayan da za a sarrafa, na biyu mai saye, na uku kuɗin juyawa. Ko ɗaya aka zare sai tukunya ta karkace, balle korona da ta girgiza duka ukun a lokaci guda.

Ɗauki dutse na farko. Kamfanonin nan namu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, masu yin bokiti da buta da silifa da tabarmar roba, masu alewa da biskit, masu sabulu da man shafawa, da yawa daga cikin abin da suke zuba wa inji daga waje yake zuwa. Tsabar robar da ake narkawa, da sinadarai, da kayan gyaran injin kansa, wasu daga Sin, wasu daga Indiya, wasu daga Turai. Sin ta riga kowa rufe masana'antunta tun farkon shekarar, saboda haka tun cutar ba ta iso mu ba raɗaɗinta ya iso. In ma kwantena ta samu ta sauka a Apapa, akwai tafiyar kilomita wajen 1,000 kafin ta zo Kano, ga shingaye a kan iyakar kowace jiha, ko da yake doka ta bar motocin kayan masarufi su wuce. Sai kuma dala. Da duniya ta zauna a gida, jirage da motoci suka tsaya, farashin ɗanyen mai ya rikito, har ganga ta sauko ƙasa da dala 20 a watan Afrilu. Gwamnatin da ta tsara kasafin kuɗinta a kan dala 57 kowace ganga dole ta mayar da shi 28. Dala ta yi wuyar gani. Babban Banki ya ɗaga farashinta daga naira 306 zuwa 360 a watan Maris, zuwa Agusta ta kusa 380, a Wapa kuwa ta haura 450. Yi lissafin da kanka mai karatu. Kayan dala 1,000 da mai kamfani ke biyan naira 306,000, sun koma 380,000 in ya yi sa'ar samun dalar banki, in kuma bai samu ba sai ya lale sama da 450,000, kayan kuwa su ne dai ba su ƙaru da ko ƙwaya ɗaya ba.

Dutse na biyu mai saye. Kantin Kwari da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Wambai duk a rufe, sai 'yan ranakun da aka ware a mako a fito a sayi abinci a koma. An hana taron biki, alhali kowace mace ta san rabin robobi da kuloli da bokitan da ake saye a garin nan kayan ɗakin amarya ne da na rabon biki. An rufe makarantu wata da watanni, to wa zai sayi biskit da alewar tara, wa zai sayi takalmin makaranta da littafin rubutu? Baƙinmu na Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sari dama tun watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari da Illela ba sai Disamban 2020. Masu jimar fata na Challawa kuwa, manyan masu sayen fatarsu suna Italiya da Sifaniya, ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna a Turai a watan Maris, kamfanonin takalma da jakunkunansu duk a garƙame. Ka ga akuyar da aka yanka a Wudil ashe ƙaddarar fatarta tana ɗaure da wani shago a Milan.

Dutse na uku shi ne wanda mu na waje ba mu cika gani ba. Inji yana iya tsayawa amma kashe kuɗi ba ya tsayawa. Maigadi sai an biya shi, haya tana tafiya, bashin banki kuɗin ruwansa ba ya sanin dokar kulle, kayan da ke jibge a sito wasu lokacinsu na ƙarewa, dilan da ya ɗauki kaya bashi shi ma shagonsa a rufe, ka buga masa waya ya ce Alhaji a yi haƙuri. Ga harajin kayayyaki da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 tun ranar 1 ga Fabrairu, ga kuɗin wuta da aka ƙara kafin shekarar ta fita. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsakanin Afrilu da Yunin 2020 tattalin arzikin Nijeriya ya ja baya da kashi 6.1 cikin 100, ɓangaren masana'antu kuwa ya ja baya da kusan kashi 9.

Amma fa ba kowa ne ya faɗi ba, kuma nan ne maganar ta fara ɗaukar zafi. Kamfanonin abinci da na magani doka ta bar su su yi aiki. Masu sabulu da ruwan wanke hannu ba su taɓa ganin ciniki irin na lokacin ba. Teloli har da na lungunmu sun koma ɗinkin takunkumi. Manyan kamfanonin da ke buga rahoton kuɗinsu kowa ya gani, su ma labarinsu ya sha bamban. Kamfanin Nestle na Nijeriya, masu Maggi da Milo, cinikinsu ya ɗan ƙaru a 2020, amma ribarsu ta sauko daga wajen naira biliyan 45 zuwa biliyan 39, saboda abin da suke kashewa kafin kaya su fito ya ƙaru. Kamfanin simintin Dangote, haɗe da rassansa na sauran ƙasashen Afirka, ribarsa ta tashi daga wajen biliyan 200 a 2019 zuwa biliyan 276 a 2020. A ƙasar Malesiya akwai kamfanin Top Glove mai yin safar hannun asibiti, ribarsa ta ninka wajen sau biyar a shekara guda. Annoba ɗaya, shekara ɗaya, wani na kuka wani na ƙirga kuɗi.

To ga inda nake so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau. Littafin akanta gida biyu gare shi, gidan abin da ya shigo da gidan abin da ya fita, abin da ya rage a tsakani shi ake kira riba. Albashin ma'aikaci a gidan abin da ya fita yake zaune, layi ɗaya da man janareta da kuɗin kwali. Saboda haka duk ranar da aka sallami lebura ɗari, littafin sai ya nuna kamfani ya samu sauƙi. Manaja ya tsaya gaban masu hannun jari ya ce alhamdu lillahi mun rage kashe kuɗi, a tafa masa. Alhali asarar nan tana nan daram, wuri kawai ta sake. Ta fita daga littafin da ake bugawa ta shiga gidaje ɗari inda babu mai rubuta ta. Asara halin ruwa gare ta, gangare take bi, ba ta tsayawa sai ta kai kan wanda ba shi da na ƙasa da shi da zai tura wa.

Dubi abin da ya faru a Bangaladash, ƙasar da mutum wajen miliyan huɗu ke cin abinci da ɗinkin tufafin da ake kai wa Turai da Amurka, akasarinsu mata. Da shagunan Turai suka rufe, manyan kamfanonin can suka soke ko suka dakatar da odar kayan sama da dala biliyan 3, har da waɗanda an riga an yanka an ɗinka. Bature ya tura wa mai masana'anta, mai masana'anta ya tura wa mai ɗinki, ita kuwa mai ɗinki sai dai ta tura wa cikin 'ya'yanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu ma nan haka ruwan ya gangara. Wanda ya fara shan sa shi ne leburan da ake biya kullum ko mako-mako, wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki balle garatuti. Daga shi sai masu dako a bakin sito, sai mai a-daidaita-sahun da ke kwaso ma'aikata, sai matan da ke kai shinkafa da wake da ɗanwake bakin get da rana, sai yarinyar da ke yi musu wanke-wanke. Akwai wata maƙwabciyata da mijinta ya shekara tara a wani kamfanin takalman roba. Bayan an buɗe gari ta shigo wurina aron dubu biyu, muna zaune take ce mini, "Yaya, wallahi ba rashin kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Shekara tara yana shaƙar hayaƙin robar nan, amma ko ofis ba a kira shi ba. Maigadi ne ya tare su a bakin get ya ce an ce kowa ya koma gida sai an neme shi. Har yau ana nemansa." Keken ɗinkinta ta sayar a cikin azumin nan, da shi suka kai Salla. Wannan keken ba zai taɓa fitowa a rahoton ƙarshen shekara na kowane kamfani ba, amma ni a wurina yana cikin kuɗin da aka biya aka ceci kamfanin.

Sai dai adalci bai yarda in saurari ɓangare ɗaya in yanke hukunci ba. Mai kamfani ma yana da bakin magana, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Zai ce, "Hajiya, ni fa ba gwamnati ba ne, ba kuma gidan marayu na buɗe ba. Albashi ladan aiki ne, aiki kuwa ba a yi ba. In na ci gaba da biyan mutum ɗari uku wata uku babu ko kwabo da ke shigowa, jarin zai ƙare, banki ya zo ya sa kwaɗo, ranar da aka buɗe gari babu kamfanin da kowa zai dawo. Gara in sallami ɗari in tsira da ɗari biyu." Wallahi akwai gaskiya a ciki. Duk ɗan Kano ya san kangwayen masaƙun da suka mutu a Bompai da Sharaɗa tun kafin a san wata korona, kuma ya san kamfanin da ya mutu ba ya biyan kowa ko sisi. Da yawan masu ƙananan masana'antu su ma ba wasu attajirai ba ne, mutum ne da injinsa biyu da bashi a wuya, ga wuta babu, ga haraji kashi-kashi. Wanda ya ce irin wannan ya biya cikakken albashi har abin da hali ya yi, so yake a yanka kazar da ke yin ƙwai.

To ina mafita? Ni dai ga abin da hankalina ya ba ni. Mu koma kan yarjejeniyar da ke tsakanin mai jari da ma'aikaci tun ranar farko, ko da ba a rubuta ta ba. Shekarar da kasuwa ta yi kyau, aka yi ta aikin dare da rana, riba ta ninka, shin albashin lebura ya ninka? Bai ninka ba. In ya yi magana za a ce masa kai albashi aka yi da kai, riba ta mai jari ce, domin shi ne ya sa dukiyarsa cikin haɗari. To madalla, mun yarda. Amma in haɗarin ne ya halatta masa cin ribar shi kaɗai, ranar da haɗarin ya zo ai sai ya tsaya ya karɓe shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba zai yiwu ranar riba ka ce kai kaɗai ne mai kamfani, ranar asara kuma ka ce ai duk jirgi ɗaya ya kwaso mu ba. Ko a mudaraba, inda mutum ke ba wani jari ya juya su raba riba, malamai sun ce in asara ta zo ba da sakacin mai juyawa ba, mai dukiya ne ke ɗaukarta, shi mai juyawa wahalarsa ce ta tafi a banza. To in wanda ake raba riba da shi ma ba a ɗora masa asarar jari, ina ga wanda bai taɓa ganin ƙeyar ribar ba?

Na san za a ce ai sallamar ma'aikaci daban, ɗora masa asarar jari daban, kuma ta fuskar doka mai aikin yini ba ya bin kowa bashin ranar da bai yi aiki ba. Haka ne. Amma ba duk abin da alƙali ba zai kama ka a kansa ba ne mutunci ya yarda da shi. Iyayenmu sun yi kasuwanci tun zamanin ayari, kuma abin da suka gada shi ne maigida ba ya korar yaransa don kasuwa ta faɗi. Yaron da ya yi maka shekaru yana jiran shago, kai za ka yi masa aure, kai za ka yi masa suna, ranar tsiya kuma tukunyar gidanka ce tasa. Attajirin da ya watsar da yaransa a shekarar yunwa, har jikokinsa sai an goranta musu. Yanzu mun ɗauko inji da get da katin shiga daga Turawa, mun ajiye wancan nauyin, su kuma tsare-tsaren da suka yi wa wanda ya rasa aiki ba mu ɗauko ba. Sai lebura ya tashi a tutar babu, ba ubangida, ba hukuma.

Saboda haka ni ban ce kada a taɓa albashi ko kada a sallami kowa ba. Abin da nake cewa shi ne akwai layi, kuma wanda ya fi cin moriya shi ya kamata ya tsaya a gaba. A fara da rabon ribar masu hannun jari, a dakatar da shi. A bi da alawus ɗin manya da sabbin motoci da tafiye-tafiye. A taɓa abin da aka tara a shekarun daɗi, domin dama amfanin tari ke nan, kuma tun muna yara aka karantar da mu yadda Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya sa aka ajiye hatsin shekaru bakwai na yalwa saboda bakwai na fari. Kamfanin da ya shekara goma yana riba amma ba zai iya riƙe ma'aikatansa wata biyu ba, a tambaye shi ina hatsin ya tafi. In duk an yi wannan bai isa ba, sannan a zo kan albashi, shi ma a yanko daga sama, domin rabin albashin manaja yana ciyar da gida, rabin naira 30,000 kuwa, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi a lokacin, ko buhun shinkafa ba ya saye. Sallama ita ce ta ƙarshe, ranar da ya tabbata in ba a yi ta ba kamfanin ne zai mutu. In kuma ta zama dole, a kira mutum a zaunar da shi, a gaya masa gaskiya, a ba shi haƙƙinsa a hannu, a yi masa alkawarin shi za a fara nema in an buɗe, kuma a cika.

Kada a ce wannan tatsuniyar marubuta ce. Na san wani bawan Allah mai ƙaramin gidan burodi da biskit, ma'aikatansa ba su fi ashirin ba. Da abin ya yi tsanani tara su ya yi, ya buɗe musu littafin, ya ce ga abin da ke akwai, ga bashin da ake bina, in na biya ku cikakke wata ɗaya za mu yi, in kun yarda da rabi za mu kai wata uku, ni ma abin da babbanku zai ɗauka shi zan kai gidana. Suka ce, "Alhaji mun yarda, Allah Ya rufa asiri." Motarsa ɗaya ya sayar a tsakani. Ranar da aka buɗe gari bai nemi sabon ma'aikaci ko ɗaya ba, bai ɓata mako guda yana koya wa wani aiki ba, washegari tanda ta kama wuta. Littafinsa na shekarar ya nuna asara, babu shakka. Amma in an ce in zaɓa tsakanin asararsa da ribar wanda ya aiko maigadi ya kori mijin maƙwabciyata, na san wadda zan so a tashe ni da ita gobe kiyama.

Saura waɗanda annobar ta yi wa rana. Shin laifi ne mutum ya ci riba alhali jama'a na mutuwa? Ni ban ga laifi a ribar kanta ba. Wanda ya kwana yana sarrafa sabulu ko safar hannu lokacin da duniya ke neman su ido rufe, ya yi wa mutane amfani, kuma guminsa halas ne. Tambaya biyu kawai zan yi masa. Ta farko, ribar nan daga yawan abin da ka yi ta fito, ko daga ganin mutane sun rasa yadda za su yi ka ɓoye kaya ka tsawwala kuɗi? Duk mun ga yadda kwalbar ruwan wanke hannu da takunkumin asibiti suka yi tashin gwauron zabo cikin 'yan kwanaki, tun kafin dala ta motsa. Wannan cin naman ɗan'uwa ne, ko da wane suna aka kira shi. Ta biyu, waɗanda suka fito suka tsaya gaban inji lokacin da kowa ya ɓuya a ɗaka, me ka yi musu? Kamfanin nan na Malesiya da ribarsa ta ninka sau biyar, a watan Nuwamban 2020 sai da hukuma ta rufe masana'antunsa da dama, domin dubban ma'aikatansa sun kamu da cutar, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani da ke kwana a cunkushe. Masu yi wa likitocin duniya abin kariya, su ba su samu kariya ba. Ribar da aka samu ta haka, ko an yanki wani abu daga ciki an kai gudummawa an ɗauki hoto, ba ta wanku ba, domin mai haƙƙin farko yana cikin gida.

Hukuma ma tana da nata kason, tunda ita ta ce a rufe, kuma don amfanin kowa aka rufe. Abin da aka yi don kowa bai kamata a bar wa mutum ɗaya kuɗinsa ba. An ɗan taɓuka, ba a ce ba a yi ba. Babban Banki ya rage kuɗin ruwan basussukan tallafinsa daga kashi 9 zuwa 5, ya ɗaga wa masu bashin ƙafa na shekara guda, ya ware naira biliyan 50 don magidanta da ƙananan sana'o'i. Gwamnatin Tarayya ta fito da asusun biliyan 75 wanda a ciki har da taya ƙananan kamfanoni biyan albashi na wata uku. Sai dai duk waɗannan da takarda ake shiga, da rajista da asusun banki da sunan ma'aikaci a rubuce. Leburan da sunansa bai taɓa hawa takarda ba, da mai ɗanwaken bakin get, ta wace ƙofa za su bi? Zuwa ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta ce cikin kowane mutum uku masu aiki ko neman aiki ɗaya ba shi da shi, kayan masarufi kuma sun tashi da sama da kashi 15 cikin 100 a shekara guda. Darasin a nan shi ne ranar lafiya ake rubuta sunan ma'aikaci, ranar lafiya ake yi masa tanadi, ba sai gobara ta tashi a fara haƙa rijiya ba.

Daga ƙarshe 'yar'uwa, kada mu karanta wannan mu ce da masu kamfani ake, mu shafa mu kwanta. Kowannenmu ƙaramin mai masana'anta ne a wurin wani. Ke mai 'yar aiki, ke mai yaran da ke ƙulla miki zoɓo da kunun aya, kai mai shagon ɗinki da yara huɗu, har ni da nake buga littattafaina da kuɗin aljihuna, akwai mai buga mini rubutu da mai haɗa bango da yaron da ke kai wa 'yan sari. Ranar da ciniki ya tsaya, hannunmu wurin wa yake fara zuwa? In wurin wanda ya fi kowa rauni yake fara zuwa, to mu da wancan manajan bambancinmu yawan jari ne kawai. Korona ta wuce, amma annoba ba ta yi rantsuwar ba za ta dawo ba, in ma ba cuta ba akwai gobara, akwai ambaliya, akwai faɗuwar naira. Tun yanzu ya kamata kowa ya yanke wa kansa wanda zai tsaya a gaban layi.

Allah Ya kare mu daga annoba, ta fili da ta ɓoye. Ya yi wa masu jari albarka a dukiyarsu, Ya sanya musu tausayin na ƙasa da su, Ya ba ma'aikata haƙuri da riƙon amana, Ya hana mu cin gumin wani. Amin summa amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai rai.